Farin Ruwan Tsakiyar Wata Ba Ciwon Sanyi Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da kunya ta hana mu tattaunawa, alhali rashin saninsa yana jawo wa matan aure da yawa kuka da asarar kuɗi, wani lokaci har da mutuwar aure. Al'amarin shi ne yadda mace za ta gane lokacin da ƙwan haihuwarta yake fita a kowane wata. Na yi aikin jinya da karɓar haihuwa a nan Kaduna har na yi ritaya, kuma har yau mata ba su daina sallama a gidana da irin wannan tambaya ba. Idan wata kalma ta yi wa mai karatu nauyi ina neman afuwa, amma ina tuna masa cewa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su neman sani ba.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa, shi ne yadda mata suke ɗaukar babbar alamar lafiyarsu a matsayin cuta. Yarinya za ta shigo da baƙar leda a ƙarƙashin hijabi, ta zazzage ta a kan tabarma: ragowar katin ƙwayoyin kashe cuta kala uku da ta saya a kemis, gorar jiƙo da aka haɗa mata a kasuwa, ƙullin garin bagaruwa na zama a ciki, da ƙulle-ƙullen matsi da wata mai kayan mata ta aiko mata. Ta ce, "Mama, sanyi ne ya hana ni samun ciki, na sha magani har na gaji, amma duk wata sai ya dawo." Idan na tambaye ta ko yana ƙaiƙayi, ta ce a'a. Yana wari? A'a. Yaushe yake zuwa? Ta ce kamar mako guda bayan ta yi wankan tsarki, ya yi kwana uku ko huɗu yana zuba, fari garau mai yauƙi, sannan ya ɗauke da kansa. Sau da yawa kuma takan ƙara da cewa a waɗannan kwanakin takan nemi uzuri ta ƙaurace wa maigidan, domin kada ya ƙyamace ta ko ta shafa masa ciwo. Wato ranakun da Allah Ya buɗe mata ƙofar samun ciki su ne ranakun da take rufewa da hannunta, sannan ta biya kuɗi a taya ta busar da ruwan da aka halitta domin ya taimake ta.

Ga yadda abin yake. Mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu na mahaifa. Daga ranar da jinin al'ada ya fara zuwa, ƙwaƙwalwa take aika saƙon sinadari zuwa gare su, wasu ƙwayaye su fara girma, daga ciki ɗaya ya fi sauran nuna. Yayin da yake nuna, sinadarin estirojin yana ƙaruwa a jini, shi ne kuma yake sa bakin mahaifa ya saki ruwa. Da farko, bayan ɗaukewar jini, mace takan ji bushewa, ko ta ga ɗan abu mai kauri da danƙo. Daga nan ya koma fari mai laushi, sannan idan fitar ƙwan ta matso ya zama garau, mai santsi, mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, wanda idan aka ɗauka tsakanin yatsu biyu aka buɗa zai miƙe bai tsinke ba. Aikin wannan ruwa shi ne ya kare ƙwayoyin maniyyi, ya ciyar da su, ya sauƙaƙa musu hanya zuwa ciki. A cikinsa sukan rayu har kwana biyar suna jira, alhali a ranakun bushewa ba sa daɗewa suke mutuwa. Shi kuwa ƙwan mace, da zarar ya fita ya shiga bututun da ke kai shi mahaifa, rayuwarsa awa 12 zuwa 24 ce kacal. Idan ya haɗu da maniyyi a cikin wannan lokaci ciki ya shiga. Idan bai haɗu ba ya lalace, bayan kimanin mako biyu jini ya zo. Ranar ƙarshe da mace ta ga wannan ruwa mai santsi ita ce mafi kusa da fitar ƙwan, galibi ko dai a ranar ko kwana ɗaya kafinta ko bayanta, daga nan kuma ruwan yakan yi kauri ko ya ɗauke.

Saboda haka ranakun da ciki zai iya shiga a wata guda shida ne: kwana biyar kafin ƙwai ya fita, da ranar fitarsa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1995, wanda aka bi mata 221 ana gwada fitsarinsu kullum, ya tabbatar da hakan, kuma ya nuna cewa kwana biyun da ke gaban fitar ƙwai da ranar kanta su ne suka fi ƙarfi. Wanda ya jira sai ƙwai ya fita ya gama kafin ya kusanci iyalinsa, sau da yawa ya makara.

Ba ina cewa babu ciwon sanyi ba ne. Akwai shi, kuma yana da haɗari, domin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa idan aka bar su suna hawa sama su toshe bututun ƙwai, abin da ke cikin manyan dalilan rashin haihuwa a ƙasarmu. Amma yana da alamominsa: ƙaiƙayi, wari, ruwa mai launin rawaya ko kore ko mai gudaji-gudaji, zafi wajen fitsari ko wajen saduwa, ciwon mara da zazzaɓi. Wani ma yakan zo shiru babu alama ko kaɗan, sai gwaji ya tona shi. Wadda ta ga irin wannan ta je asibiti a ɗauki ruwan a gwada, a ba ta maganin da ya dace, a kuma yi wa mijin magani tare da ita, har da abokan zamanta idan tana da su. Abin da nake ja da shi shi ne kiran kowane ruwa sanyi, da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta wata bayan wata babu gwaji, wanda yake kashe ƙwayoyin da ke kare gaban mace, har ya jawo mata ainihin ƙaiƙayin da a da ba ta da shi.

Sai maganar lissafi, inda nan ma kuskure biyu suka yi mana katutu. Na farko shi ne abin da iyayenmu suke faɗa wa amare, cewa ciki yana shiga ne da zarar an yi wankan tsarki. Na biyu shi ne abin da 'yan boko suke karantowa a waya, cewa kowace mace ƙwanta yana fita ne a rana ta 14. Kowannensu gaskiya ne ga wasu mata, kuma kuskure ne ga wasu masu yawa.

Ana fara ƙirga ne daga ranar farko da jini ya zo sosai, ba daga ranar wanka ba. Daga wannan rana zuwa jajibirin zuwan jini na gaba shi ne tsawon zagayen al'adar mace, kuma ga baligar mace mai lafiya yakan kasance tsakanin kwana 21 da 35. Tun a shekarun 1920 likitoci biyu, Ogino a Japan da Knaus a Ostiriya, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano cewa abin da ba ya cika canzawa shi ne tazarar da ke tsakanin fitar ƙwai da jinin da ke tafe, wadda take kusan kwana 14. Ɓangaren farko na watan shi ne mai tsawo ga wata, gajere ga wata. Don haka daga ƙarshe ake lissafowa baya. Mai zagayen kwana 28, ƙwanta yakan fita wajen rana ta 14. Mai kwana 35 sai wajen rana ta 21. Mai kwana 24 kuwa tun wajen rana ta 10, kuma idan jininta yana yin mako guda, to lallai tana yin wanka tana cikin ranakun ɗaukar ciki. Ina ganin daga irin waɗannan matan ne maganar iyayenmu ta samo asali. Amma a ɗauki mai kwana 35 wadda ta yi wanka a rana ta 6, aka ce mata ta dage a makon da ya biyo baya. Ta dage, mijin ya dage, zuwa rana ta 13 an gaji an saki jiki, alhali ranakunta ba za su fara ba sai wajen rana ta 16. Haka za ta shekara tana bin shawarar da ba tata ba, dangin miji suna ƙirga mata watanni. Masu binciken nan na Amurka sun sake nunawa a shekarar 2000 cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari na mata ne kawai ranakunsu shida suke faɗawa gaba ɗaya tsakanin rana ta 10 da ta 17.

Wannan ne ya sa nake cewa kalanda jagora ce kawai, jiki shi ne shaida. Rashin lafiya, doguwar tafiya, tashin hankali, rama ko ƙiba mai yawa duk suna iya jinkirta fitar ƙwai a wata guda ko da ga wadda al'adarta ba ta saɓa lokaci. Manhajojin waya da 'yan mata suke saukewa yawancinsu kintace suke yi daga kwanakin da aka shigar musu, ba su ga jikin mai wayar ba. Abin da nake ba da shawara shi ne ƙaramin littafin rubutu da biro. A rubuta ranar da jini ya zo, ranar da ya ɗauke, sannan kowane dare a rubuta kalma ɗaya a kan abin da aka gani da rana wajen tsarki: bushewa, danƙo, ko santsi. Wadda ba ta yi boko ba ta yi da ajami, ko ta yi alama da zane. A cikin wata uku zuwa shida mace za ta san jikinta sanin da babu mai iya yi mata shi.

Akwai wasu alamomin da ke taimakawa. Wasu matan sukan ji ɗan ciwo ko suka a gefe ɗaya na mara a tsakiyar wata, na 'yan awoyi ko yini guda, wasu kuma su ga ɗigon jini kaɗan. Sha'awa takan ƙaru, nono ya yi nauyi daga baya. Waɗannan ba kowa ke jin su ba, kuma ba a dogara da su su kaɗai. Zafin jiki kuma yakan ɗaga da digiri 0.2 zuwa 0.5 bayan ƙwai ya fita, saboda sinadarin furojestaron, ya zauna a haka har jini ya kusa zuwa. Ana auna shi ne da asuba kafin a sauko daga gado, a lokaci guda kullum. Amfaninsa shi ne ya tabbatar cewa ƙwai ya fita, amma bayan an gama yake ba da labari, kuma a wurinmu zazzaɓin cizon sauro da tashin dare saboda yara suna rikita shi ƙwarai, don haka ban cika ɗora wa mata nauyinsa ba. Wadda ke da hali za ta iya sayen tsinken gwajin fitsari na fitar ƙwai a manyan shagunan magani. Ya yi kama da na gwajin ciki amma aikinsu daban ne, domin shi yana gano wani sinadari ne da likitoci ke kira LH, wanda yake tashi awa 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fita. A nan, daga cikin layuka biyun da ke fitowa a tsinken, sai layin gwajin ya yi duhu kamar ɗan'uwansa ko ya fi shi kafin a ce ya nuna. Layi mai haske-haske ba komai ba ne, kuma na ga mata da yawa sun ruɗe a kan wannan.

Wani abin da littattafan likitoci ba su cika kulawa da shi ba shi ne yanayin zaman gidajenmu. Shawarar da aka saba bayarwa, kuma mai kyau ce, ita ce ma'aurata su riƙa kusantar juna duk bayan kwana biyu ko uku a tsawon watan, ta yadda ko ba a yi lissafi ba ba za a rasa ranakun ba. Amma mazan Kaduna nawa ne suke aiki a Abuja, su hau jirgin ƙasa daga Rigasa da sassafen Litinin, sai Juma'a ko bayan mako biyu su dawo? Direbobin manyan motoci nawa ne suke kwana goma a hanyar Legas? Sojoji da 'yan sanda nawa ne suke bakin aiki a wata jiha? Sannan ga gidan da ke da mata huɗu ana girkin kwana bibbiyu: kowace takan jira dare shida kafin girki ya zagayo kanta, kuma yana yiwuwa ranakunta mafi ƙarfi su faɗa cikin waɗannan darare shida. Irin wannan mata ana iya yi mata gorin juya alhali lafiyarta ƙalau. Idan ta san ranakunta, mijin da ke nesa zai iya daidaita hutunsa, kuma a gidan da ake zaman mutunci abokan zama za su iya musayar kwana bisa yardar juna, abin da shari'a ba ta hana ba, tunda Nana Sauda ta bai wa Nana A'isha kwananta. Na san ba kowane gida ne hakan zai yiwu ba, amma na ga inda ya yiwu, kuma uwargidan ce da kanta ta kawo shawarar.

Masu son ba da tazara tsakanin haihuwa su ma wannan ilimin nasu ne, sai dai ina gargaɗinsu da su san iyakarsa. Akwai tsarin ƙirga kwanaki da ake koyarwa da wani abin wuya mai duwatsu kala-kala, wanda ya dace da matan da zagayensu ke tsakanin kwana 26 da 32 kawai, inda ake ƙaurace wa juna ko a yi amfani da kariya daga rana ta 8 zuwa ta 19. A yadda mutane suka saba amfani da shi, kimanin mata 12 cikin ɗari sukan sami ciki a shekara guda, kuma ba ya aiki sai da haɗin kan miji. Wadda likita ya ce wani cikin zai iya zama haɗari ga rayuwarta kada ta dogara da lissafi. Mai shayarwa kuma ta sani cewa ƙwai yakan iya fita kafin jinin farko ya dawo bayan haihuwa, shi ya sa ake yin kwanika ba tare da an ga al'ada ko sau ɗaya ba. Shayarwa tana kariya ne idan abu uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba.

Sanin ranaku ba ya maye gurbin asibiti. Ko ma'aurata masu cikakkiyar lafiya ba kowane wata suke dacewa ba, amma fiye da takwas cikin goma sukan sami rabo a cikin shekara guda idan matar ba ta kai shekara 40 ba. Idan shekara ta cika ana tare babu ciki, ko wata shida ga wadda ta haura 35, lokacin ganin likitan mata ya yi. Wadda al'adarta take zuwa ƙasa da kwana 21 ko sama da 35, ko take ɗaukewa wata uku babu ciki, ko nononta yake fitar da ruwa ba ta shayarwa, ko gashi yake tsiro mata a haɓa tare da ƙuraje da ƙiba, kada ta jira shekara, domin waɗannan suna iya nuna cewa ƙwan ba ya fita a kai a kai, kuma yawancinsu suna da magani. A Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika akwai sashen likitocin mata. Likita kan bi girman ƙwai da na'urar hoton ciki, ko ya gwada furojestaron a jini kimanin kwana bakwai kafin ranar da ake sa ran al'ada. Ina kuma roƙon mata su daina sayen ƙwayar kulomifin a kemis bisa shawarar ƙawa. Magani ne na gaske mai sa ƙwai ya fita, amma ba ya buɗe bututun da ya toshe, ba ya gyara matsalar miji, yana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai, kuma a wasu matan yakan rage ruwan nan da muke magana a kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun matsalar namiji. Gwajin maniyyi ya fi gwaje-gwajen mata sauƙi da araha, babu allura babu ciwo. Ba adalci ba ne a bar mace ita kaɗai tana cika littafi da lissafi tana zarya asibiti, mijin yana cewa shi lafiyarsa ƙalau ba tare da an taɓa duba shi ba. Haihuwa ta Allah ce, Shi ke bai wa wanda Ya so, amma neman sababi aikin mutum biyu ne.

Roƙona ga malamanmu mata na Islamiyya, daga Tudun Wada zuwa Kawo, daga Unguwar Sarki zuwa Rigasa, shi ne su ƙara wannan darasi a ajin matan aure da na 'yan matan da ke shirin aure. Sun riga sun koya musu babin haila da nifasi, sun koya musu ƙirga kwanaki da gane tsarki ta hanyar bushewa ko farin ruwan ƙarshen jini, don haka ɗalibansu sun saba lura da jikinsu saboda salla da azumi. Abin da ya rage shi ne a gayyato ma'aikaciyar jinya ko ungozoma ta yi musu bayanin sauran kwanakin watan, malama kuma ta amsa abin da ya shafi hukuncin alwala da tsarki. Ƙungiyoyin mata na coci-coci ma za su iya yin haka a taronsu. Ga wannan jarida kuma, ina roƙon a ware shafi ko da sau ɗaya a wata inda likitan mata zai amsa tambayoyin masu karatu da Hausa ba tare da an buga sunan mai tambaya ba, a kuma riƙa tantance tallan magungunan sanyi da na haihuwa kafin a ba su fili.

Wassalam.

Daga wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Tudun Wada, Kaduna.